Zabuwar Kaka da Taraktar Baba

A gidanmu na unguwar Kilomita Biyar, can bayan Titin Koudoukou, murhun Kaka ba ya mutuwa da wuri. In an sauke tukunyar gozo, tuwon rogon nan da duk Bangui ke ci, aka yi sallar magariba, sai ta tattara garwashi gefe guda ta ɗora tsohon kaskonta na suyar gyaɗa. Mu jikokinta mun san ma'anar wannan kasko. Kafin gyaɗa ta fara ƙamshi mun jawo tabarma mun kewaye ta, ƙanana a gaba, manya a baya suna nuna kamar ba su damu ba, alhali kunnuwansu duk suna wajenta. A bayanmu kuma, jikin katanga, taraktar Baba ce ke tsaye, ja wur, hasken wuta yana rawa a kan hancinta. Da ita yake ɗebo yashi daga bakin kogi da rani, da damina kuma ya tafi da ita gonakin hanyar Damara yana yi wa mutane huɗa.

Kaka mahaifiyar Baba ce. Daga Damagaram aka kawo ta tana amarya, ta shekara fiye da arba'in a Bangui, amma Sango, yaren garin, bai taɓa miƙewa a bakinta ba, kuma ko a jikinta. Mu kuwa da Sango muke wasa, da shi muke faɗa, da shi muke mafarki. Shi ya sa ta kafa doka a bakin murhunta: duk wanda ya yi tambaya da Sango, ba shi da gyaɗa a ranar. Ni na fi kowa asarar gyaɗa, don bakina ba ya shiru. Sunanta aka sa mini, Hadiza, saboda haka Baba ba ya iya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata. Ita kuma ta ce da ni Takwara, ta ƙara da cewa sunan kawai na ɗauka, hankalin na bar mata.

In za ta fara, takan buga bakin kasko da cokali sau biyu, ta ce, "To, ga ta nan ta iso, ku matsa mata ta zauna." Mu ce, "Ta zauna mu ji ta." Tatsuniyoyinta suna da yawa, wasu na manta su sarai, amma akwai ɗaya da ta tsaya mini a wuya tun ranar da na fara jin ta, don haushinta na ji.

Wai a can da, duk dabbobi da tsuntsaye launinsu ɗaya ne, launin laka. Sai aka ji labarin wata tsohuwa a bakin kogi mai tukwanen rini iri-iri, ja da kore da shuɗi da rawaya, duk wanda ya je za ta yi masa ado. Amma tana da sharaɗi. Sai ta goge ka da yashi da dutse kwana uku, har lakar jikinka ta fita tas. Sannan ta shafe ka da toka, ka zauna a rana kwana bakwai, kowa ya wuce ya yi maka dariya. Bayan nan ne za ta buɗe tukunya.

Hawainiya da zabuwa suka tafi tare. Da hawainiya ta ji dutse a bayanta sau ɗaya, sai ta ce ita ba za ta iya ba. Ta faki idon tsohuwa, ta faɗa tukunyar ja da lakarta, ta fito ta faɗa ta kore, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, abin da ba ta kwashe ba ta ɓarar. Kaka takan kwaikwayi tafiyarta da yatsu biyu a kan tabarma, tana ɗaga su a hankali da yanga, mu yi ta ƙyalƙyala. Ta ce shi ya sa har yau babu launin da ke zama a jikin hawainiya, don a kan laka ta shafa. Ita kuwa zabuwa ta daure aka goge ta, aka shafe ta da toka, ta yi kwana bakwai a rana ana yi mata dariya. Ranar da kwananta ya cika, tsohuwa ta buɗe tukwane ta tarar babu komai, sai ɗan farin da ya maƙale a gindin ɗaya. Ta sa tsinke ta ɗiga mata shi ɗigo-ɗigo a kan tokar, ta sallame ta.

"Ta ƙare," in ji Kaka. "Kowa ya karkaɗe tabarmarsa."

Ni ban karkaɗe ba. Na miƙe tsaye na ce, "Kaka, ai an cuci zabuwa! Ita ta yi haƙuri, ita ce kuma ba ta sami komai ba. Ki sake ƙarshen."

"Ke Takwara, ni na yi tatsuniyar da zan sake ta? Haka na same ta."

"To me ta samu?"

"Wa ya ce miki alkawarin biya aka yi mata?" Ta juya gyaɗa a kasko. "Gobe ki je kasuwa ki kamo zabuwa, ki kawo ta nan, in ba ki sabulu. In kin wanke ɗigo ɗaya, ki dawo mu yi magana."

Kowa ya yi dariya, har Baba da ke alwala a gefe. Na kwanta da fushi a ranar. Ina da shekara takwas, kuma na yanke hukunci a raina cewa zabuwa wawiya ce.

Shekaru suka tafi. Kaka ta rasu ina budurwa. Ni kuma na faɗa sana'ar da babu wanda ya tsara mini, fentin mota. Wani garejin bayan unguwarmu nake kai wa yayana Habu abinci, shi makaniki ne, sai na riƙa tsayawa ina kallon mai fenti har abincin ya huce. Da farko an yi ta surutu, wai mace da bindigar fenti, fistole kamar yadda muke ce mata. Da aka ga tasi-tasin da na fesa sun fi shekara ba su kwaile ba, surutun ya koma sallama. Ina faɗar wannan ba kunya, don da hannuna na samo shi.

Da rikici ya zo garinmu, ba wanda ya tsaya tunanin tarakta. Ranar da abin ya ɓarke tana unguwar Miskine, a gidan wani abokin Baba Kirista, Papa Gaston, an kai masa yashi. Can ta kwana, can kuma ta shekara, ta sake shekara. Papa Gaston ya tura ta bayan gida ya jingina mata tsofaffin kwanon rufi, duk wanda ya tambaya ya ce tasa ce. Da ƙura ta lafa aka fara zirga-zirga, shi da kansa ya zo ya ce wa Baba ya je ya ɗauki kayansa. Amma lokacin Baba ba shi da ƙarfin tayar da ita, mu ma kowa na fama da kansa, sai ta ci gaba da zama a can ruwa na dukanta.

Abin da ya tashe mu tsaye ciwon idon Baba ne. Likita ya ce hawan jinin ido ne, an makara, na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sa, magani sai dai ya rage masa gudu. Muna dawowa daga asibiti Baba ya ce, kamar da wasa, yana so ya ga taraktarsa ja kamar da, ko sau ɗaya, kafin fitilar ta mutu. Habu ya dube ni, na dube shi. A satin nan muka jawo ta daga Miskine da igiya, yaran titi na binmu suna ihu da Sango wai ga gawar kutukutu, wato gawar mota.

Ba su yi ƙarya ba. Ja dai babu shi, sai tsatsa, wani wurin in ka danna da yatsa ya rufta. Ɓeraye sun yi gida a ƙarƙashin kujera. Habu ya ɗauki injin, ni na ɗauki jiki. Muka kwance hanci da murafun tayoyi muka jera su a tsakar gida, daidai inda murhun Kaka yake a da. Na wanke tsohon mai da baƙin giris da gas da omo, na bi da burushin ƙarfe, na kankare, na bi da samfefa mai kaushi sannan mai laushi. Inda ya huje aka yi walda, na cike da mastik, kwaɓin toshe rami, na goge. Kwana goma sha ɗaya ina wannan, faratana duk suka karye, tofina ma ja yake fita. Baba yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin mangwaro, yana jin ƙarar gugar, lokaci-lokaci ya ce, "Uwata, ba ki fara ba har yanzu?" In ce, "Na kusa, Baba."

Sai na fesa antiruy. Shi ne maganin tsatsa, shi ake fara sa wa ƙarfe tsirara kafin komai. Wanda muke samu a kasuwarmu launinsa ja ne, amma jan ƙasa, mara ƙyalli, irin na tukunyar da aka gasa. Duk mai fenti ya san wannan ba ado ba ne. Na gama fesawa ranar Alhamis da la'asar, muka ɗora hancin a kanta don kada yara su taka, na shiga wanka.

Ina fitowa na tarar da Baba tsaye gaban tarakta, ya karkata kai yana kallo da gefen idon dama, rana na dukan ƙarfen. Fuskarsa ta washe irin yadda na daɗe ban gani ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Uwata, kin gama! Ita ce, wallahi ita ce. Habu, gobe in an sauko daga Juma'a ka ce wa abokaina su Malam Isa su biyo su gani. A aika wa Gaston ma."

Na buɗe baki, Habu ya damƙe mini hannu ya ja ni zaure.

"Kada ki ce komai," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ya ga ja, ya ji daɗi, shi ke nan. In kin matsu, gobe da safe ki watsa mata jan a kai a wuce wurin."

"Yaya, a kan antiruy ɗanye? Ga ramukan tsatsa nan ko'ina ban rufe ba. Sai na sa apre na goge tukuna." Apre shi ne shafi na biyu, ruwan toka, shi ke cike ƙananan ramuka ya ba fenti wurin kamawa.

"Ki shafe masa jan da toka? Kina da hankali kuwa? Kin ji abin da likita ya ce. Ga damina ta kankama. Wa zai leƙa ramukanki?"

"Damina biyu za ta yi ta kumbura ta fara zuba."

"To ta zube mana! Lokacin ai ba ya gani."

Ya faɗi haka ne da hawaye a idonsa, shi ya sa ban iya yi masa tsawa ba. Na san gaskiya yake faɗa, ta wani gefen. Amma ni na san abin da ke ƙarƙashin jan nan, kuma mutumin da ya kira ni Uwata tun ina zanen goyo, ban ga yadda zan bari ya tara abokansa yana nuna musu rigar ciki yana cewa babbar riga ce ba. Na koma tsakar gida na durƙusa gefen kujerarsa.

"Baba, ban gama ba. Wannan maganin tsatsa ne. Akwai shafi na toka da zai hau kansa, sannan jan gaske."

Murmushin ya sauka a hankali, ina kallo, kuma ni na sauke shi.

"Kwana nawa?"

"In an sami rana, sati biyu."

"In ba a samu ba fa?"

Na ɗaga kai na dubi sama. Ya jinjina kai ya ce, "To. Yi aikinki yadda kika san shi. Habu, ƙyale su Malam Isa tukuna."

Ba a sami rana ba. Na fesa apre ranar Litinin, tarakta ta koma toka-toka kamar an tono ta daga murhu, da daddare ruwa ya sauko, ya kuma ƙi tafiya. Wanda ya san daminar Bangui ya san abin da nake nufi. Ko ba a ruwa, iska a jiƙe take, in ka fesa fenti a irin wannan yanayi sai ya yi fari-fari ya dushe, danshi kuma ya kwanta a ƙarƙashinsa. Muka kafa rumfar tamfol. Na riƙa fitowa da asuba ina duban sama kamar manomi. In an sami rabin yini na rana, in goge da samfefa da ruwa, in bi da tafin hannu ina neman rami, in na samu in cike in sake fesawa. Maƙwabta suka sami abin yi. Wata ta leƙo ta katanga ta ce mini da Sango, yeke yeke, wato sannu-sannu, amma da irin muryar da ke nufin sannun ta yi yawa. Habu ya tayar da injin, ya yi ƙara ya yi hayaƙi, ya kashe, ya daina yi mini magana sai gaisuwa.

Baba kuma ya daina tambaya. Wannan ya fi yi mini ciwo. Na lura ya fara laluben butarsa da ƙafa, ya fara kiran jikokinsa da sunan juna sai sun yi magana. Akwai ranar da na ɗauko gwangwanin jan na buɗe, na zuba a fistole, hadari na haɗuwa ta gabas, na ce ko me zai faru ya faru. Na tsaya da shi a hannu har ɗigon farko ya faɗo a kan tamfol. Na juye shi cikin gwangwani na rufe, na shiga ɗaki na yi kuka mai isata.

Sati bakwai aka yi kafin a sami kwana huɗu a jere rana na fitowa tun safe. Na rufe fitilu da tayoyi da tsofaffin jaridu, na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura, na fesa shafi na farko siriri, na jira, na biyu, na jira, na uku. Da na janye jaridun, ni kaina sai da na ja da baya. Ganyen mangwaro ɗaya-ɗaya ana ganinsu a jikin hancinta. A duk abin da na fesa a rayuwata, babu wanda ya kai ta.

Habu ne ya riƙo hannun Baba ya kawo shi. Ya tsayar da shi daidai inda ya tsaya ran nan, rana ma a wurin take. Baba ya karkata kai, ya juya shi hagu, ya juya dama.

"Ja ce?" ya ce.

"Ja ce, Baba."

"To."

Ya saki hannun Habu ya matsa har gwiwarsa ta taɓa taya. Ya ɗora tafinsa a kan hancin, ya ja shi a hankali tun daga gaba har sitiyari. Ya dawo. Ya bi gefen da aka yi walda, ya wuce bai tsaya ba, don babu abin da zai tsayar da shi. Sannan ya sunkuya, da tsufansa, ya zura hannu ƙarƙashin murfin babbar taya, inda laka ke taruwa, inda mai saye ma ba ya dubawa. Ya daɗe yana shafawa.

"Har nan kika bi?"

"Har nan, Baba."

Ya miƙe yana riƙe da ƙugu. "Ran nan da na ce kin gama, bayan kun shiga zaure na shafa ta. Kamar bayan kada. Na ce a raina, to, idona ya gaji, bari in karɓi abin da ya ba ni." Ya sake ɗora hannun a kan ƙarfen. "Ko sabuwa ba ta yi wannan santsin ba, ni na saye ta, na sani. Allah ya yi miki albarka, Uwata. Habu, yanzu ka kira su."

Na daɗe ina juya tatsuniyar Kaka tun daga ranar. Da ina yarinya na ɗauka labarin haƙuri ne da aka ba shi ƙarshen da bai dace ba. Yanzu na gane ba ta ɓoye mana komai ba ne kawai. Ta san wanda ya tsaya yin abu yadda ya kamata yana iya isa ya tarar an kwashe abin da ya zo dominsa, kuma ba ta ga dalilin yi wa jikokinta ƙarya a kan haka ba. Baba bai ga jan nan ba. Ni na hana shi, da hannuna da taurin kaina, kuma Habu har gobe yana cewa da na bi shawararsa da tsoho ya shiga duhu da hoton taraktarsa a ido. Ba na ce masa ya yi kuskure. Wani lokaci in na tuna murmushin da na sauke ran Alhamis ɗin nan, sai in ji kamar in nemi gafara. Amma ban taɓa jin kunyar aikin ba, kuma ina alfahari da shi har cikin raina.

Damina uku ke nan tarakta na zuwa hanyar Damara tana dawowa, ɗan Habu ke tuƙa ta, ko ƙwarzane ɗaya bai kumbura ba. Ran Juma'a in an sauko daga Masallacin Koudoukou, Baba yakan dawo da baƙo ɗaya ko biyu, wani ma bai san shi ba, a hanya suka haɗu ya jawo shi. Ina jin su daga ɗaki. Baƙon zai yaba launi, ya tambayi wane gareji aka kai ta. Sai in ji sandar Baba ta daki taya.

"Wane gareji? 'Yata ce ta yi, a nan tsakar gidan. Launin ku kuka sani, ni ban gan shi ba. Sunkuya ka sa hannu a ƙarƙashi."